Tambayi Bakanike: Injin share dusar ƙanƙara a layin dogo, da abin da zai iya yi wa rairayinmu

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da hunturu ya kama wani bidiyo yake ta yawo a WhatsApp, na jirgin ƙasa yana keta dusar ƙanƙara, kuma saƙonnin da suka shigo mini wannan karon kusan duk a kansa suke. Tambayoyin batir da na famfon gazuwal na ajiye su sai fitowa ta gaba. Ni aikina gireda da katafila ne, a kansu na tsufa a hanyoyin jihar Tawa, amma duk injin da aka ƙera don ya kawar da abu daga kan hanya ɗan gidanmu ne, kuma na daɗe ina bibiyar labarin waɗannan.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni mai gyaran babur ne a Bukoki, nan Yamai. An turo mini bidiyon wani jirgin ƙasa da ƙatuwar fanka a goshinsa, tana cinye wani farin abu da ya rufe hanya tana watso shi sama. Abokaina a gareji sun ce haɗin kwamfuta ne. Da gaske akwai irin wannan inji? In akwai, yaya yake aiki?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Injin gaskiya ne, kuma ya girmi kakan kowa a garejinku. Wani likitan haƙori a birnin Toronto na Kanada, J. W. Elliott, shi ya fara fito da dabarar a 1869, sai dai bai samu wanda zai ƙera masa ba. Daga baya wani ɗan ƙasarsu, Orange Jull, ya gyara zanen, wasu ƴan uwa biyu masu gidan ƙira da ake kira Leslie suka ƙera shi, aka gwada a Toronto cikin sanyin 1883 zuwa 1884. Kafin ƙarnin ya ƙare, manyan kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka da Kanada masu ratsa duwatsu duk sun mallake shi.

Farin abin da ka gani ba irin ƙanƙarar da ke faɗo mana da damina ba ce, mai tauri da ke yaga ganyen gero. Wannan laushi gare ta. A sama take daskarewa ta sauko a hankali, kuma a ƙasashen sanyi sai ta yi wata da watanni ba ta narke ba, ta yau ta hau kan ta jiya. Ka auna mita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a zurfi: sabuwar zuba nauyinta wajen kilo 100 ne. In ta kwana biyu ta danne kanta, iska ta daka ta, sai ta kai kilo 300 zuwa 500. A mashigin Donner da ke duwatsun Kalifoniya, inda layin dogo ya hau sama da mita 2,000, abin da ke zuba a shekara yana kai kimanin mita 10.

A gaban taragon akwai buɗaɗɗen akwatin ƙarfe, faɗinsa ya ɗan zarce na jirgi. Gefunansa ke yankar dusar suna cusa ta ciki. A cikin akwatin ne farfelar take, faɗinta ya haura mita 3. Fuskarta wuƙaƙe ne, bayan kowace wuƙa akwai aljihu. Wuƙa ta yanko, dusa ta faɗa aljihu, ƙarfin juyawa ya kore ta zuwa bakin farfela, ta fita ta wata kafa da ke sama. In ka taɓa tsayawa kusa da injin sussukar gero ka ga yadda yake tofar da ƙaiƙayi ta bututunsa, to ka ga ƙaramin misalinsa, sai dai wannan yana jefa nasa mita 30 ko fiye. Ana iya juya farfelar hagu ko dama, a karkata bakin kafar, domin a kan dutse gefe ɗaya bango ne, ɗayan rami, dole a jefa ta wajen ramin.

Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne, yawancin waɗannan injuna ba sa tafiya da kansu. Ƙarfin da ke cikinsu na juya farfela ne kawai. Kan jirgi ɗaya ko biyu ke tura su daga baya, sannu a hankali, cikin dusa mai zurfi sau da yawa ba a kai kilomita 10 a awa. Nan ne gwanintar take. In mai turawa ya matsa da yawa farfela ta shaƙe ta tsaya, in ya sassauta da yawa ana ƙona mai a banza. A da da usur suke magana tsakanin na gaba da na baya, yanzu da rediyo. Wannan na san shi a jikina. A kan gireda ba na jiran allura ta gaya mini wuƙa ta ɗauki ƙasa fiye da ƙima: muryar inji ke sauka, kujera ta fara rawa a ƙarƙashina, hannuna ya ɗaga wuƙar tun baƙin hayaƙi bai fito ba. Mai tuƙa farfelar dusa ma da kunne yake aiki, don sau tari ba ya ganin komai ta gilashi sai fari.

Na farko da tururi suke aiki. Waɗanda kamfanin Union Pacific ke ajiye a garin Roseville saboda mashigin Donner tsofaffi ne da aka cire musu tukunya aka sa injunan lantarki. Sai su yi shekaru ba a tashe su ba, sai shekarar da abin ya fi ƙarfin sauran injuna, kamar 2011 da 2017. A Suwizalan kuwa akwai wani na tururi da aka ƙera a Winterthur a 1910, yana kan layin Bernina mai hawa har mita 2,253. Shi yana tafiya da ƙafarsa saboda tsananin kwanar layin, kuma har yau ana hura masa wuta ya yi aiki. Inji mai shekara sama da 110! Masu kula da shi ina gaishe su daga nan.

Amma farfela ba ita ce ta kullum ba, tsada gare ta, kuma in ta wuce takan bar kwari mai miƙaƙƙun bango dama da hagu, wanda sauran injuna ba za su sami inda za su ture dusa ba, sai dai a ci gaba da kiranta har sanyi ya wuce. Aikin yau da gobe na garma ne: ƙarfe mai baki biyu da ake ɗaurawa a gaban kan jirgi, yana tsaga dusa yana kifar da ita gefe. Akwai mai fukafukai da ke buɗewa su ture ta nesa da layi. Akwai kuma ƙaramar wuƙa da ke sauka tsakanin ƙarafan biyu ta kankare abin da garma ta bari. Ita wannan dole mai riƙe da ita ya ɗaga ta a duk mararraba da duk wurin sauya layi, in ya makara ya tumɓuke katako ko ya karya wuƙa. Shi ya sa ake kafa masa alamu dogaye a gefen hanya, waɗanda dusa ba ta binnewa.

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Tawa. Na nuna wa ɗalibaina hoton jirgi cikin dusa, sai wata yarinya ta ce: jirgin da ya fi tirela hamsin nauyi, me zai hana shi take abin ya wuce? Na rasa amsar da zan ba ta.

Amsa: Malama, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, tambayar injiniya ta yi. Ki gaya mata ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma inda suke haɗuwa bai fi faɗin babban yatsa ba. Abin da ke riƙe ƙafar kada ta zame daga layi wani ɗan leɓe ne a gefenta na ciki, tsawonsa wajen santimita 3. Wannan leɓen yana buƙatar gurbin da zai bi. A mararraba, inda motoci ke tsallaka layi, tayoyi na danna dusa cikin gurbin ta daskare ta zama dutse. Leɓe ya hau kanta, ƙafa ta ɗaga, jirgi ya sauka daga layi. Nauyinsa ba ya ceton sa a nan.

Na biyu, wurin sauya layi. Wani siririn ƙarfe ne ke matsawa ya manne da babban ƙarfe don jirgi ya karkata. In dunƙulen ƙanƙara ya shiga tsakani bai manne ba, alamar da ke ba jirgi izinin wucewa ba za ta ba da hannu ba, tasha guda sai ta tsaya cik. Na uku, cikin injin kansa. A watan Fabrairun 1991 an yi wata dusa a Ingila, busasshiya mai laushin gari, ta bi iska ta shige injunan lantarkin jirage ta lalata su da yawa. A Disamban 2009 jiragen Eurostar biyar suka mutu a cikin ramin da ya bi ƙarƙashin teku tsakanin Faransa da Ingila, da fasinja sama da 2,000: dusa ta shiga ɗakin inji a waje, da suka shiga rami mai ɗumi ta narke ta jiƙa kayan wuta. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe filtar iska a watan Janairu a Tawa ya san abin da gari mai laushi ke yi wa inji.

Ga abin da zai burge ɗalibanki: kan jirgi yana tafe da akwatin yashi. In ƙafa ta fara sulɓi a kan ƙarfe mai sanyi ko jiƙaƙƙe, sai a feso busasshen yashi ta wani bututu daidai gabanta, ta samu abin kamawa.

Tambaya: Alhaji, ni ɗan kasuwar Katako ne, ina sayar da kayan ƙarfe. Na ga wani bidiyo daban, wuta na ci a kan layin dogo jirgi yana bi ta kai. Gobara ce ko da gangan ne?

Amsa: Da gangan ne, ƙanena. Wanda ya fi yawo na birnin Shikago ne. Bututun gas ne aka shimfiɗa a jikin ƙarfe a wuraren sauya layi, ana kunna shi in sanyi ya tsananta don kada ƙanƙara ta riƙe su. Wasu ƙasashen da lantarki suke ɗumama wurin, ba ka ganin harshen wuta. Akwai kuma wani dalilin: tsananin sanyi na sa ƙarfe ya tsuke har ya rabu a mahaɗa, sai ma'aikata su shimfiɗa igiya jiƙaƙƙiya da kananzir su cinna mata wuta, ƙarfen ya miƙe su ɗaure shi. Mu nan akasin haka za mu fuskanta, zafin watan Afrilu ne zai sa ƙarfe ya miƙe ya nemi lanƙwashewa.

Har injin jirgin sama an ɗora a kan tarago don ya hure dusa. An gwada a Birtaniya cikin mugun sanyin 1947, ya kwashe dusa ya haɗa da tsakuwar da ke riƙe layi. Rasha da Amurka sun ci gaba da amfani da shi a manyan tashoshi, amma mai yake sha ba kaɗan ba.

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Kanada. Ya ce da jirgin ƙasa yake zuwa wani gari ko da dusa ta rufe ko'ina. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Abin nan ba ya da hatsari? Daga wata uwa a unguwar Wadata, Yamai.

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare mana shi ya dawo da shi lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, an yi asarar rayuka a wannan fage, sai dai mafi munin ya daɗe, kuma a kan duwatsu ne. Daren 4 ga Maris 1910, a mashigin Rogers da ke yammacin Kanada, ma'aikata suna share dusar da ta zabtaro daga dutse ta rufe layi, da farfelarsu da shebur, sai wata ta zabtaro daga dutsen da ke ɗaya gefen ta binne su. Sama da mutum 50 suka rasu, da yawansu leburori ne ƴan Japan da suka je neman abinci. A Janairun 1952 kuma wani jirgin fasinja mai suna City of San Francisco ya maƙale kusa da mashigin Donner da mutum 226, kwana uku. Farfelolin da aka tura ceto su ma suka maƙale. Fasinjojin duk sun fita da rai, amma cikin masu ceto an rasa.

Abin da ya biyo baya shi zai kwantar miki da hankali. Kamfanin Kanada bai tsaya ga ƙara sayen inji ba, ya haƙa rami mai tsawon kilomita 8 a ƙarƙashin dutsen, aka buɗe shi a 1916, layi ya bar wurin hatsarin. A Kalifoniya tun kafin 1870 sun yi wa layi rumfunan katako da jimillarsu ta kai wajen kilomita 60, dusa ta zabtaro ta bi ta kan rufi. A Norwe, layin Oslo zuwa Bergen da aka buɗe a 1909 ya sha fama a wajen tashar Finse mai tsayin mita 1,222, har a 1993 aka shigar da wannan yankin cikin rami mai tsawon kilomita 10. Japan kuwa, a layin jirginsu mai gudu na Joetsu da aka buɗe a 1982, ruwan ɗumi suke fesawa a kan layi, dusa na sauka tana narkewa, ruwan ya koma a sake ɗumama shi.

Yau ana sanin zuwan guguwar dusa tun da kwanaki, in ta yi tsanani a soke tafiya. A ranar dusa ni na fi son ɗanki a jirgin ƙasa da a ce yana cikin mota a kan kwalta mai sulɓi. Ki dai ce masa ya riƙa tafiya da rigar sanyi ta kirki, da ruwa, da waya mai caji, ko da tafiyar gajera ce.

Tambaya: Baba, ana yin dusar ƙanƙara a Afirka kuwa? Daga ɗalibi a Tawa.

Amsa: Ana yi, ɗana. Duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya suna samu duk shekara, haka Lesoto a kudu. Har a bakin Sahara, garin Ain Sefra na Aljeriya ya gan ta a kan jan rairayi a Fabrairun 1979, da Disamban 2016, da Janairun 2018, amma ba ta daɗewa take narkewa. Mu namu sanyin busasshe ne, hunturu ba ya zuwa da ruwan da zai daskare a sama.

Tambaya: Maigida, ni direban tifa ne, ina bin hanyar Tawa zuwa Abalak. Mu rairayi ne ke cinye mana hanya. Ga shi ana maganar jirgin ƙasa zai zo Maraɗi. Me zai hana a sayo irin wannan mai farfela, ko na hannu ne, ya riƙa share mana rairayi a layi?

Amsa: Abokin aiki, tambayarka ce ta sa na ware wannan fitowa gaba ɗaya. A taƙaice, kada a saya. Ma'aunin nan na mita ɗaya ta kowane gefe da na ce sabuwar dusa kilo 100 ce, in busasshen rairayi ne wajen kilo 1,600 ne. Kai da ke ɗaukar sa a tifa ka fi ni sani. Sannan ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen yau da kullum tauri. Na sha kwance bakin wuƙar gireda bayan aikin rairayi in tarar ya cinye har kusa da ramin kusoshi, gefensa ya yi kaifin da ba ka taɓa shi da hannu tsirara. Farfela mai juyawa da gudu cikin wannan abu, wuƙaƙenta da bearin ɗinta ba za su kai ko'ina ba. Babban bambancin kuma shi ne dusa tana da ranar tafiya, bazararsu na zuwa ta narke. Rairayin da ka jefa mita 30 yana nan yana jiran iska ta maido shi.

A layin dogo ɓarnarsa ta wuce rufe hanya. Yana shiga tsakanin tsakuwar da aka shimfiɗa ƙarfe a kanta ya toshe ta, ruwa ya kasa tsiyayewa, layi ya rasa laushin da yake karɓar nauyi da shi. Yana cin ƙarfe, yana cin ƙafa, yana cika gurbin leɓen nan da na yi wa Malama bayani. Layin Yamai zuwa Doso, mai tsawon kilomita kusan 140, an fara shi a 2014 aka ƙaddamar a Janairun 2016, amma bai shiga jigilar yau da kullum ba, don ba a haɗa shi da Paraku ba, inda layin Kwatano ya tsaya. Wata shekara na je Yamai sayen kayan gyara, na tsaya a wata mararraba ta hanyar filin jirgi na tsuguna na sa yatsa a gurbin. Cike yake dam da ƙasa, ta yi tauri, har ciyawa ta fito a ciki. Ba tudun rairayi ne ya taso ya rufe shi ba, ƙura ce da ruwan damina da rashin mai shara.

Akwai waɗanda suka riga mu shiga wannan fama. Muritaniya tana da layi mai kilomita 704 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu tun 1963, jiragen tama masu tsawon sama da kilomita 2 na bin sa ta tsakiyar hamada, kuma abin da ya riƙe shi ma'aikata ne da aka zaunar a kan hanya, aikinsu kwashe rairayi da sauya ƙarfen da ya ci, ba rani ba damina. Sin ta bi wata hanyar. Da suka shimfiɗa layin Baotou zuwa Lanzhou, wanda aka buɗe a 1958, ya ratsa bakin hamadar Tengger a wani wuri da ake kira Shapotou. Sai suka riƙa shimfiɗa karan alkama a kan rairayi suna danna tsakiyarsa da shebur, rabi a binne rabi a tsaye, gida-gida, mita ɗaya ta kowane gefe. Karan na karya ƙarfin iska a ƙasa, rairayi ya zauna, a dasa itatuwa a cikin gidajen. Layin yana aiki har yau. A sabon layinsu na Hotan zuwa Ruoqiang, mai kilomita 825 da aka buɗe a 2022, inda rairayi ya fi tafiya sai suka ɗora layi a kan gadoji, kusan kilomita 50, iska ta wuce da kayanta ta ƙasa.

A nan ne ilimin mutanen dusa ke da amfani gare mu, ba a wajen farfela ba. Iska ɗaya ce ke ɗaukar dusa da rairayi, kuma duk inda gudunta ya ragu nan take sauke kaya. Shi ya sa suke kafa shinge can nesa da layi ta ɓangaren da iska ke fitowa, mai ramuka kusan rabi, don dusa ta taru a bayansa kafin ta iso. Rasha tun ƙarni na 19 take dasa layukan itatuwa a gefen dogo saboda haka. Sun kuma gane cewa layin da aka ɗaga a kan tudu iska ce ke share shi kyauta, wanda aka bi da shi ta cikin ɗan kwari kuwa shi ke cika. Kai ma ka lura a hanyar Abalak: inda kwalta ta ɗaga tsaf take, inda ta nutse tsakanin tudu biyu nan kake sauya giya. Wani abin da nake yawan faɗa wa yaran da na koya wa gireda: kada ka tara abin da ka share a gefen da iska ke fitowa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. In ka bar kunyar rairayi a wannan gefen, ka gina wa rairayi matattara da hannunka, kafin mako ya dawo kan kwalta. Ka tura shi kudu maso yamma, ka baje shi.

Kuma ba sai mun je Sin koyon ɗaure rairayi ba, a jiharmu aka yi shi. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, gonakin da ke tsakaninsu suka huta. A Keita, aikin da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, mata ne suka fi yawa a cikinsa. Su suka ɗauki duwatsu a ka, su suka kafa shinge a kan tuddan rairayi, su suka yi dashe. Na ga tudun da aka kewaye da aguwa: reshe ake sarowa a soka a rairayi kafin ruwa ya sauka, ya kama da kansa, dabba ba ta damunsa saboda ƙaƙƙarfan nononsa. Karan gero ma yana yi, sai dai gara na cin sa, dabbobi na ci, kuma mai gida yana buƙatar sa don dangarsa da abincin bisashensa, don haka in za a yi da kara dole a saye shi da daraja.

Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, mai kilomita wajen 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi, ƙasar noma ce, ba hamada ba. Abin da zai fi damun sa ƙorama ce da ke cika da yashi da damina ta toshe kwalbati. In wata rana aka ce za a miƙa dogo arewa, ta Kwanni zuwa Tawa zuwa Agadas, to nan ne za a gamu da rairayi mai tafiya, kuma tun ran gini ran zane: wajen zana hanyar za a kauce wa bakin tuddai, a ɗaga layi, a fara dashe shekaru kafin ƙarfe ya iso.

Ko na hannu da ka ambata akwai abin dubawa. Faɗin layin Yamai zuwa Doso mita ɗaya ne, irin na Benin. Na Kano zuwa Maraɗi milimita 1,435 ne, tsohon layin Najeriya kuwa 1,067. Injin da ya hau ɗaya ba ya hawa ɗayan. In ni aka ba kuɗin, ƙaramin inji mai burushi mai juyawa zan saya don gurbin leɓe da wuraren sauya layi, da loda guda mai hawa kwalta da dogo don inda rairayi ya taru, da filtar iska masu yawa a sito. Ragowar kuɗin albashi ne: kowane ƙauye da layi ya ratsa a ba shi nasa kilomitocin, da shebur da baro da tsintsiya, da kuɗin dashen aguwa ta ɓangaren arewa maso gabas, a riƙa biya duk ƙarshen wata bayan mai duba layi ya bi ya gani.